Inshorar Ranar Asabar

Genowefa ta ji ƙarar ƙashin kafin ta ji muryar mijinta. Tana gabansa da taku biyar, suna saukowa daga ƙololuwar dutsen Rysy ta gefen Slovakia, sai ta ji kamar an taka busasshen reshe. Da ta waiwaya, Wincenty na kwance tsakanin duwatsu biyu, ƙafarsa ta hagu ta juya inda ƙafar mutum ba ta juyawa. 'Yar ƙanƙarar da ta kwana a inuwar dutse ce ya taka. Bai yi ihu ba. Ya buɗe baki dai, ya kafa mata ido da haushi kamar ita ta tura shi.

Su tara ne, duk tsofaffin cocin Bukowina, ƙaraminsu ya haura sittin in ka cire Remek. Remek ɗan ƙanwar Wincenty ne, marigayiya. Shekararsa arba'in da ɗoriya, yana da ƙaramar bas fara da yake kwasar tsofaffi yawo. Shi ya ce hawa ta gefen Slovakia ya fi sauƙi, sarƙoƙin da ake kamawa ba su kai na gefenmu na Poland yawa ba. Shi ya bi gida-gida ya karɓi kuɗin mota da na inshora. Wincenty kuwa shekara saba'in yana kallon dutsen nan daga bakin rumbun ciyawa bai taɓa hawa ba, ya ce sai ya taka shi kafin a binne shi. Genowefa ta biyo shi ne don ta san in ba ta nan ba zai sha maganinsa ba.

Ta durƙusa ta shafa cinyar. Shekara hamsin tana ɗora ƙafar tunkiya, ta san karayar da ake ɗaurewa a gida, ta san wadda ake kiran mahauci. Babu ɗigon jini a waje, wannan kuma shi ne bai yi mata daɗi ba. Ta kwance ɗankwalinta ta zagaya cinyar da shi, ta yi ƙulli daidai inda bakin biyu suka haɗu, ta cire ta riƙe a hannu. Sannan ta ce wa Remek ya kira masu ceto.

Ya ciro waya, ya hau kan wani dutse, ya ɗaga ta sama, ya sauko, ya koma wani dutsen. Ya ce babu sabis. Alojzy maƙwabcinsu, wanda ko a wajen jana'iza sai ya sa an yi dariya, ya tsuguna ya kafa wa Wincenty 'yar kwalbar barasa a baki, yana ce masa duk wannan don kada ya saya wa jama'a shayi a masaukin masu hawa dutse ne, rowa har ta kai mutum ya karya ƙafarsa. Wincenty ya cije haƙora ya ce masa in ya tashi sai ya karya masa tasa.

Genowefa ba ta yi dariya ba. Idonta na kan babban yatsan Remek, kuma yatsan nan bai danna komai ba. Can ta ga ya yafito Alojzy da 'yan'uwa biyu na gidan Stopka, sun koma bayan dutse sun haɗa kai. Ta miƙe ta bi su.

"Me kuke ƙullawa?"

"Inna, ki koma wajen Kawu, muna zuwa."

"Ka kira su ko ba ka kira ba?"

Ya kalli takalminsa. Alojzy ya ce masa ya faɗa mata kawai, ai ba za ta cinye shi ɗanye ba, haƙoranta na roba ne.

"Inshorar ta ranar Asabar ce, Inna."

Ranar Asabar aka sa tafiyar, ruwa ya hana, aka ɗaga zuwa Talata. Inshorar ta yini guda ce, ta mutu tun daren Asabar. Wai bai tuna ba sai da suka tsallake iyaka da safe, kuma da ya ga gari garau sai ya ce wa zai faɗi a rana irin wannan. Kuɗin da bai kai na kofin shayi biyu ba a kan kowane mutum. Ya ja bakinsa ya tsuke, ya kunna musu rediyo, suna ta waƙa a mota.

A wajenmu ko jariri ya san dokar dutse. Ka faɗi ta gefen Poland, masu ceto su ɗauke ka kyauta. Ka faɗi ta gefen Slovakia, su ma su ɗauke ka, ba sa barin kowa, amma takardar kuɗi za ta riga ka isa gida, sai fa in ka yanki inshora. In kuma jirgi mai saukar ungulu ya tashi dominka, ka fara tunanin abin da za ka sayar. Kowa ya san wani da ya san wani da ya rabu da tarakta.

Remek ya ɗaga hannu ya nuna sama. Ga ƙololuwar can, ga 'yar alamar iyaka, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Ya ce saukar kwatan awa kawai suka yi. Maza huɗu ne, su ɗaga Kawu su mai da shi sama, su ajiye shi taku ɗaya a gefenmu, su kira namu su ce a nan ya faɗi. Wa zai sani? 'Yan Stopka suka gyaɗa kai, ɗayansu har ya ce ya ji an taɓa yin haka. Dabara irin wannan sai mu. Mutum ya karye a hanyar sauka, maimakon a yi ƙasa da shi, a yi sama da shi don a can ne arha.

Genowefa ta buɗe baki, sai muryar Wincenty ta riga ta. Ashe duk yana ji. Ya ce su ɗauke shi. Ya ce filin ciyawar da ke ƙasan daji kakansa ne ya cire duwatsunsa da hannu, ba zai tafi a bakin jirgi ba saboda ƙafa guda. Ya ce ita kuma ta rufe masa baki, maganar maza ce.

Ta rufe. Gaskiya ɗaya ce, a faɗe ta: ta rufe. Ita ma filin ya gifta mata a rai, ta kalli sama ta ga kusa ne, ta ga maza huɗu sun riga sun tuɓe rigunan sanyi suna zura sandunan tafiya a hannayen riguna don haɗa shimfiɗar ɗaukarsa. Ta ce a ranta minti ashirin ne, a daure.

Da suka ɗaga shi ya yi wata ƙara da ba ta taɓa jin ta fito daga bakinsa ba, ko ranar da zarto ya ɗauke masa yatsa. Hanyar kuwa ba hanya ba ce, tsani ne na duwatsu, faɗinta bai ɗauki mutum biyu a jere ba. Na gaba su ja, na baya su tura, shimfiɗar ta karkace, ƙafar ta yi lilo. Taku goma su ajiye. Alojzy mai ciwon suga ya fara numfashi kamar zugazugi, barkwancin ya ƙare. Sauran matan uku suka tsaya a ƙasa da carbi a hannu suna addu'a.

Ƙarshen Satumba ne kuma Talata, mutane ba su da yawa. Wasu miji da mata 'yan Slovakia suka sauko daga sama, suka tsaya, matar ta ciro waya tana tambaya ko a kira. Remek ya yi mata murmushi da gumi a fuska, ya ce an gode, an riga an kira, suna hanya, an ce a matsar da shi fili ne. Suka yi musu fatan sauƙi suka wuce. Genowefa na tsaye a wurin, ta ji ƙaryar da kunnenta, ta bi bayan matar da kallo har ta sha kwana.

A ajiyewa ta huɗu ta zagaya cinyar da ɗankwali. Ƙullin bai kai ba, saura yatsa biyu. A ta shida, saura yatsa huɗu, wandon ya ɗame kamar fatar ganga. Leɓen Wincenty ya koma kalar toka, goshinsa sanyi ƙalau kuma a jiƙe. Ya ce a ba shi ruwa, ya sake cewa a ba shi ruwa, ya kira ta da sunan ƙanwarsa da ta rasu. Ta tambayi agogo, aka ce minti arba'in ke nan da ɗagawa. Ta ɗaga kai. Alamar iyakar tana nan inda take, ko rabin hanya ba su ci ba. Ta waiwaya ƙasa, ta ga hazo ya cika kwarin, tafkunan da suka wuce da safe sun ɓace, kuma yana tasowa a hankali kamar madara a tukunya. In ya rufe wurin nan babu jirgin da zai zo, na kuɗi ko na kyauta.

Suka sunkuya za su sake ɗagawa. Ta wuce gabansu, ta sami inda hanyar ta fi matsewa tsakanin bango da rami, ta zauna daɓas ta miƙe ƙafafu.

"Inna, don Allah ki tashi. Saura kaɗan."

"Ka taka ni ka wuce."

"Kawu ne ya ce..."

"Kawunka jini yake zubarwa a ciki, ɗan banza. Kai ba ka taɓa feɗe tunkiya ba? Ba ni wayarka."

Ya dafe aljihunsa. Ya fara cewa in aka kira za a tambayi wa ya kawo su, za a karɓe masa mota, yana da 'ya'ya uku. Ta kalli Alojzy, ya ce tasa tana cikin bas. 'Yan Stopka suka kalli juna, babban ya ce su ba za su tsallake maganar mai ƙafa ba, shi ke da jiki, shi ke da fili.

Waya ɗaya gare su ita da Wincenty, tsohuwa mai maɓallai, tana aljihun ƙirjinsa. 'Yarsu ta manna takarda a bayanta da manyan lambobi uku na kiran gaggawa. Genowefa ta rarrafo ta kai hannu, amma ya riga ta. Mutumin da ko ɗaga kai ba ya iyawa, ya damƙe wayar a ƙirji da hannu biyu, idonsa ya washe.

"Gienia," ya kira ta da sunanta na gida. "Kada ki soma."

"Saki, tsoho."

"In kin kira, ba ni ba ke."

"To. Saki."

Bai saki ba. Hannun da ya yi shekara arba'in yana juya gungume ba ya buɗuwa da lallashi. Ta ɗora gwiwarta a kan damtsensa, ta kama ɗan ƙaramin yatsansa ta lanƙwasa shi baya kamar yadda take buɗe bakin rago in za ta ɗura masa magani. Shekara arba'in da shida da aure ba ta taɓa sa masa hannu ba. Ya zage ta, ya zagi uwarta da ke kabari. Ta ƙara lanƙwasawa har ta ji yatsan na shirin tafiya, sannan wayar ta faɗo a kan rigarsa. Maza huɗu na tsaye suna kallo, ba wanda ya motsa.

Akwai sabis. Sanda uku, cif.

Mace ce ta ɗauka, da harshen Slovakia, wanda mu mutanen dutse muke ji ko da rabi-rabi ne. Ta haɗa ta da wani namiji mai magana a nutse. Genowefa ta faɗa masa inda suke, ta ce cinya ce, ta ce ta kumbura yatsa huɗu a minti arba'in. Mutumin ya ce kada kowa ya motsa shi ko da taku ɗaya, a rufe shi, kada a ba shi komai ya sha. Ta ce an riga an ba shi barasa, an kuma riga an yi ta jan sa zuwa sama. Ya sake tambaya, zuwa ina? Ta ce sama. Bai tambaye ta inshora ba. Ya ce ta duba ƙasa ta faɗa masa inda hazo ya kawo. Ta ce ya kusa masauki. Ya ce za su gwada.

Suka zare sandunan suka lulluɓe shi da rigunan. Ta kwanta a gefensa ta tare masa iska da jikinta, ta sa yatsu biyu a wuyansa. Jijiyar na bugawa da sauri, siririya kamar ta kaza. Ya juya fuska ya ba ta ƙeya, daga baya ma ya daina sanin tana wurin. Tana kiran sunansa, tana faɗa masa baƙaƙen maganganu don ya ji haushi ya amsa, wani lokaci ya yi gurnani, wani lokaci shiru. Hazon ya cinye masauki. Ya cinye mashigar da ke tsakanin duwatsu a samansa. Bakinsa na farko ya iso ya taɓa musu takalma, sanyi mai jiƙa. Remek na zaune a gefe ya rufe fuska da hula. Babban Stopka ya fara addu'ar da ake yi wa mai barin duniya, ta ce masa in ya ƙara kalma ɗaya za ta jefa shi rami.

Sun ji jirgin kafin su gan shi, ya wuce ta bayansu, ƙarar ta yi nisa har ta ɓace. Ba wanda ya kalli wani. Sai ga ta ta dawo ta wani gefen, iska ta kwashe hular Alojzy, mutum ɗaya cikin jan kaya ya sauko a igiya yana juyawa. Likita ne. Ya tsaga wandon da almakashi, ya duba, ya sa allura, ya ɗaure, hannunsa bai tsaya ba ko da yake tambaya.

"A ina ya faɗi?"

Remek ya buɗe baki. Genowefa ta nuna ƙasa, can inda dutse biyun suke, da ƙyar ake hango su cikin hazo.

"Wa ya kawo shi nan?"

"Su huɗun nan," in ji ta. "Ni kuma na tsaya ina kallo."

Likitan ya kalle su ɗaya bayan ɗaya. Aka naɗe Wincenty a jaka kamar damin ulu, igiya ta ja su sama su biyu. Babu wurinta a jirgi. Kafin ƙarar ta gama ɓacewa, hazo ya rufe su ruf, ko hannunka ba ka gani.

Da lalube suka sauko masauki. Mai masaukin, wani dogo mai farin gemu, ya kawo shayi da miyar kabeji. Genowefa ba ta zauna ba. Ta ce ya ba ta takarda da biro, kuma shi zai rubuta, don ita aji huɗu ta yi aka cire ta zuwa kiwo, rubutunta sai ita ke karantawa. Ta tsaya a kansa tana faɗa yana rubutawa: ranar da aka yanki inshora da ranar da aka yi tafiya, ƙarfe nawa ya faɗi, ƙarfe nawa aka kira, maganar babu sabis, abin da aka ce wa miji da matar nan. Ta ce ya sa har da cewa ita ma ta yi shiru minti arba'in. Ta sa ya karanta mata sau biyu. Alojzy ya fara sa hannu, bai yi wasa ko ɗaya ba. Matan suka sa. 'Yan Stopka suka ce sai sun yi shawara da Fada, limamin cocinsu, ta ce Fada ba ya kan dutsen, ta tsaya a bakin ƙofa har suka sa. Remek ya ce shi fa jininsu ne, uwarsa ce ta riƙe mata 'ya a baftisma. Ya yi kuka har da majina. Bai sa ba.

Wincenty ya rayu. Jini leda biyar aka ƙara masa a asibitin Poprad, can Slovakia. Ƙafar ce ba ta rayu ba, an yanke ta sama da gwiwa. Likitan tiyata ya faɗa wa Genowefa a tsaye a baranda cewa karayar kanta abin ɗorawa ce, jijjigar ɗauka ce ta sa bakin ƙashi ya yanka babbar jijiya. Ta ce ya rubuta mata wannan ma. Ya rubuta, ya buga hatimi.

Ranar Juma'a aka bar ta ta zauna da shi. Ya rame, gemu ya fito fari, bargon ya kwanta a shafe inda ya kamata ya tashi. Ɗan yatsan da ta lanƙwasa ma an ɗaure shi da filasta. Ta ajiye cuku da burodin da ta kawo, ta ciro takardun biyu daga cikin rigarta ta shimfiɗa a kan gadon. Ta ce ranar Alhamis za ta garin Nowy Targ wajen lauya kan maganar Remek, kuma an ce sai mai ƙafa ya sa hannu.

Ya kalli silin.

"Ɗan ƙanwata ne."

"Na san ko ɗan wa ne."

"Ni na ce su ɗauke ni. Kowa ya ji."

"Kai ka ce a ɗaga tafiya a bar inshora a Asabar? Kai ka ce babu sabis?"

Ya ce ba zai kai ɗan marigayiya kotu ba ko da ƙafa biyun aka yanke, me za a ce da shi a ƙofar coci. Ya ce ita ta kira jirgi, ita ta san yadda za ta biya su. Ya tura takardun da bayan hannu, ɗaya ta zame ta faɗi ƙasa.

Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauka, ta goge ta a jikin siket, ta ninke su tare ta mayar cikin riga. Ta yanka cukun ƙanana yadda zai iya ɗauka da hannu ɗaya, ta matsar da kofin ruwa kusa da shi. Ta ce to shi ke nan, za ta je ko bai sa hannu ba, in lauyan ya kore ta akwai wani a bene na sama, in shi ma ya kore ta ta san ƙofar gidan kowane tsoho da Remek ya rubuta a tafiyar wata mai zuwa, za ta bi su ɗaya-ɗaya da takardun.

Ta ɗaura ɗankwali, ta fita ta tambayi ma'aikaciyar jinya ƙarfe nawa bas ɗin iyaka ke tashi.